Yadda Ake Haɗa Aikatau na Turanci da Ɗan Rakiyarsa

Sai ka ga mutum ya haddace kalmomin Turanci jingim, ya san *wait* jira ne, *listen* sauraro ne, *depend* dogaro ne, amma da ya buɗe baki sai ka ji *wait me*, *listen me*. Abin da ke kayar da shi ƙananan kalmomin nan ne, su *to, for, on, at, of, in, with, from*, waɗanda malaman Turanci ke kira *preposition*. A nan zan riƙa ce musu 'yan rakiya, tunda aikinsu ke nan: su biyo bayan aikatau su sada shi da mutumin ko abin da ake magana a kai.

Tun da wuri a san cewa babu doka guda da za ta gaya maka wane ɗan rakiya ke bin wane aikatau. Ba wata hikima ce ta sa ake cewa *depend on* amma *believe in* ba. Haka masu harshen suka taras ana faɗa, yadda mu ma muke cewa "na yarda da shi" amma "na gode masa", ba mu taɓa tsayawa neman dalili ba. Rashin doka dai bai hana a sami hanya ba. Ga yadda ake bi.

Mataki na ɗaya: kada ka sake rubuta aikatau shi kaɗai

Sami ɗan ƙaramin littafi, ko ka buɗe shafi a wayarka. Duk aikataun da zai shiga ciki, ya shiga da ɗan rakiyarsa da jimla guda. Maimakon ka rubuta *depend* ka sa "dogara" a gabansa ka wuce, rubuta *depend on*, a ƙarƙashi ka sa *Our village depends on rain*. So ake bakinka ya saba furta su a haɗe, ta yadda da ka ce *depend* harshenka ya riga ya kai ga *on* tun kafin ka yi tunani.

Ƙamus na aljihu mai ba da ma'ana kawai ba zai fisshe ka a nan ba. Nemi wanda aka yi musamman domin mai koyo, irin Oxford Advanced Learner's Dictionary. Asalinsa aikin A. S. Hornby ne, malamin da ya koyar da Turanci a Japan, kuma madaba'ar Jami'ar Oxford ta fara fitar da shi a 1948. Yanzu yana nan a intanet. Yawancin ɗalibai ma'anar kaɗai suke karantawa su rufe, alhali abin da suka zo nema yana cikin rubutu mai kauri da ke gefenta. A ƙarƙashin *accuse* za ka ga *accuse sb of sth*. *Sb* (gajeren *somebody*) na nufin wani mutum, *sth* (gajeren *something*) na nufin wani abu. Wato an shimfiɗa maka jimlar gaba ɗaya: aikatau, sai mutumin, sai *of*, sai laifin. Wannan layin za ka kwafa.

Mataki na biyu: gano inda Hausa ke tura ka rami

Nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin mafi yawan kurakuranmu ba da ka suke zuwa ba. Hausa ce a ƙarƙashinsu, kuma ta hanyoyi uku take shigowa.

Ta farko, aikatau na Hausa da yawa kai tsaye suke hawa kan karɓau, wato mutumin ko abin da aikin ya faɗa wa, ba sa bukatar kowa a tsakani. Muna cewa "jira ni", "saurare ni", "dube ni", "nemi makullin", "amsa wasiƙar". Sai mai koyo ya ɗauko wannan gini ya sa masa kalmomin Turanci. Amma a can kowane ɗaya da nasa: *wait for me, listen to me, look at me, look for the key, reply to the letter*. Wannan na ƙarshe ya zama ruwan dare a saƙonnin WhatsApp, inda za ka ga *You did not reply my message*. A sa *to*, ko kuma a canza aikataun a ce *answer my message*, domin shi *answer* ba ya bukatar rakiya.

Ta biyu ita ce akasin haka: Hausa ta sa, Turanci ba ya so. "Mu tattauna a kan batun" shi ke haifar da *discuss about* ko *discuss on*, alhali daidai shi ne *discuss the matter*. "Ya shiga cikin ɗaki" ya haifar da *enter inside the room*, daidai kuwa *enter the room*. "Ta yi kama da uwarta" *She resembles her mother* ne, babu *with*. "Buga masa waya" *call him* ne, babu *to*. A lura, ana cewa *enter into an agreement*, amma wannan ƙulla yarjejeniya ce, ba shiga da ƙafa ba.

Ta uku ta fi kowacce ɓarna, kuma kalma ɗaya ce ke jawo ta: "da". Tun a firamare aka koya mana "da" shi ne *with*, sai muka riƙe. To amma dubi yawan aikin da "da" ke yi a bakin Bahaushe, ka ga yadda yake tarwatsewa idan ya isa Turanci. Dogara da: *depend on*. Yi imani da: *believe in*. Zarga da: *accuse of*. Fama da zazzaɓi: *suffer from fever*. Saba da: *get used to*. Kula da yara: *look after the children*. Yi alfahari da: *boast about*. Tuna da: *remember*, ba tare da komai ba. Guda takwas ke nan, ko ɗaya bai ɗauki *with* ba. Don haka duk sanda ka ji "da" a ranka kuma hannunka ya nufi *with*, tsaya ka duba.

Maganar aure ma ta nan take shiga. *He married her*, babu komai a tsakani. *She is married to a teacher*, da *to*. Idan kuwa ka ce *She is married with three children*, ka faɗi Turanci daidai, sai dai ma'anarsa ita ce tana da aure kuma tana da 'ya'ya uku. Ka ga ke nan wanda ya rubuta *She is married with a teacher* ya bar mai karatu cikin ruɗu.

Abin yi a wannan mataki: raba shafi gida uku bisa waɗannan hanyoyi, duk kuskuren da aka gyara maka ka ajiye shi a gidansa. Ba da jimawa ba za ka ga wane gida ya fi cika, nan ne rauninka.

Mataki na uku: bambanta suna da aikatau

Akwai kalmomin da idan suna matsayin suna sukan ɗauki ɗan rakiya, idan sun koma aikatau su ajiye shi. Ana cewa *a request for money*, amma *I request money*. Ana cewa *a demand for justice*, amma *they demand justice*. Haka *an order for books* da *order books*, *emphasis on discipline* da *emphasise discipline*, *a discussion about fees* da *discuss fees*, *lack of water* da *we lack water*. Dabarar ganewa mai sauƙi ce: in akwai *a, an, the* ko *my* kafin kalmar, suna ce, ta ɗauki rakiyarta. In kuwa *I, we, they* ko *to* ne kafinta, aikatau ce, a bar ta ita kaɗai.

Na san *request for* da *comprise of* sun cika takardun ofis da jaridu a Nijeriya, har kunne ya saba da su. A hira ba wanda zai tsare ka a kansu. Amma mai duba takardar jarrabawa jan biro zai sa musu. *Comprise* shi kaɗai yake tafiya, ɗan'uwansa *consist* ne ke ɗaukar *of*.

Mataki na huɗu: koyi aikatau masu canza ma'ana rukuni-rukuni

Wasu aikatau kowane ɗan rakiya da ma'anar da yake ba su, don haka a haɗe ake koyonsu a ga bambancin. *Look* ne sarkinsu: *look at* kallo, *look for* nema, *look after* kulawa, *look into* bincike. Wanda ya ce *I am looking after my phone* alhali wayar ɓata ta yi, ya ce yana renonta ne.

Ka riƙe bambancin *to* da *at* da kyau, domin yana iya haddasa rigima. *To* miƙawa ce, *at* kuwa sau da yawa hari ne. *He threw the ball to me*, ya jefo mini in cafe. *He threw a stone at me*, ya jefe ni. *She shouted to the driver*, ta ɗaga murya don ya ji ta daga nesa. *She shouted at the driver*, ta yi masa tsawa. Haka *laugh with him* dariya tare, *laugh at him* yi masa dariya.

*Search* ma haka. *The police searched him* na nufin sun caje shi, sun laluba aljihunsa. *The police searched for him* na nufin sun shiga nemansa, ba su san inda yake ba. Kalma mai harafi uku ce ta raba labarin biyu.

Sauran da suka cancanci shafi nasu: *agree with* mutum, *agree to* shawara ko tayi, *agree on* abin da aka tsayar tare. *Apply to* makaranta ko ma'aikata, *apply for* gurbin da ake nema, shi ya sa ake cewa *She applied to Bayero University for admission*. *Hear from* samun saƙo daga mutum, *hear of* sanin akwai shi, *hear about* jin labarin abin da ya faru. *Result in* yana nuna sakamako, *result from* yana nuna sanadi. *Deal in* sana'a ce, kamar mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, *He deals in textiles*. *Deal with* kuwa shawo kan matsala ne ko mu'amala da mutum. Sai *arrive*: *in* ga gari ko ƙasa, *at* ga takamaiman wuri. *We arrived in Zaria*, *we arrived at the motor park*. Ba a cewa *arrive to*, kuma *home* ba ya ɗaukar komai: *we arrived home*.

Mataki na biyar: aikatau masu gurbi biyu

Akwai waɗanda ke ɗaukar mutum da abu a jimla guda, kowanne da wurin zamansa. *Apologise to sb for sth. Complain to sb about sth. Thank sb for sth. Congratulate sb on sth. Prevent sb from doing sth. Provide sb with sth. Remind sb of sth.* A nan gini gaba ɗaya ake haddacewa. Wanda aka fi faɗuwa a kansa shi ne taya murna. Tunda "saboda" ke ranmu, sai mu ce *congratulate you for*, alhali abin da aka fi sani kuma jarrabawa ke nema shi ne *I congratulate you on your wedding*.

Kalmomin tuhuma guda uku ma'anarsu kusa take, amma kowacce da nata: *accuse him of theft, charge him with theft, blame him for the loss*. Masu shirya tambayoyin WAEC da NECO da JAMB suna son irin wannan, su bar gurbi bayan *charged* su jera maka *of, for, with, on* ka zaɓa.

*Explain* da *suggest* ba sa yarda mutum ya manne musu kai tsaye. Ba a cewa *explain me*. *Explain it to me* ake cewa. *Tell* kuwa yana yarda: *tell me*, amma *say to me*.

Sai maganar aro. A Hausa saiwa ɗaya ce, "ara" da "aro", ɗan sauyi ne ke nuna wa ya bayar, wa ya karɓa: "ara mini", "na aro". Turanci ya raba su kalma biyu. Mai bayarwa *lend to*, mai karɓa *borrow from*. Don haka "ara mini bironka" *lend me your pen* ne, ko *may I borrow your pen*. *Borrow me* da ake ji a kowace makaranta ba shi da wurin zama a rubutu.

Mataki na shida: idan aikatau ya biyo ɗan rakiya, sa masa -ing

Wannan kam doka ce tsayayya, kuma ita ce mafi sauƙi a cikin duka. *He insisted on paying. She succeeded in passing. They apologised for coming late.* Inda ake ruɗewa shi ne *to*, domin iri biyu ne. Akwai na *I want to go*, wanda aikatau ke bi tsurarsa, akwai kuma *to* ɗan rakiya. Gwaji: sa suna a bayansa ka ji. *I look forward to the holiday* ya zauna daram, to wannan ɗan rakiya ne, sai a ce *I look forward to seeing you*. *I want to the holiday* bai zauna ba, to ba shi ba ne. Da wannan gwajin za ka gane *object to paying* da *be used to waking early*. Na biyun nan na nufin ka saba da tashin wuri, ya bambanta da *I used to wake early*, wato da can kana yi, yanzu ka daina.

Mataki na bakwai: gwada da wakilin suna

Wasu haɗe-haɗen kama kawai suke yi da abin da muke magana a kai. *Look after* da *pick up* a ido iri ɗaya ne, amma halinsu daban. Sa *him* ko *it* ka gani. A irin waɗannan haɗe-haɗen, ɗan rakiya na gaskiya ba ya rabuwa da aikatau: *look after him, wait for it, listen to her*. Su *up, off, out, away* kuwa a irin su *pick up, turn off, fill out, throw away* sukan matsa su ba wakilin suna wuri a tsakiya: *pick him up, turn it off*. Da suna kana da zaɓi, *turn off the fan* ko *turn the fan off*. Da *it* babu zaɓi, *turn off it* kuskure ne. Ƙamusun Oxford yana nuna masu rabuwa da 'yar kibiya mai kai biyu.

A tambaya kuma ɗan rakiya ba ya ɓacewa, ƙarshen jimla yake komawa: *Who are you waiting for? What are you looking at? Who did you speak to?* Nan ma mukan yar da shi, domin "wa kake jira?" ba ta da komai a wutsiya. Wasu tsofaffin malamai kan ce kada a ƙare jimla da ɗan rakiya. *For whom are you waiting?* daidai ne, amma a hirar yau da kullum ya yi nauyi, ba haka masu harshen ke magana ba.

Mataki na takwas: horar da kunne

Ɗaya daga cikin dalilan da muke yar da waɗannan kalmomi shi ne ba ma jin su sosai. A bakin Bature ba a danna su. *For* kan koma kamar "fa" gajere, *to* kamar "ta". *Wait for me* sai ya fito kusan "weit-fa-mi", da sauri, kunnen da bai saba ba ya ɗauka babu komai a tsakani. Ɗauki ɗan guntun labarai na Turanci, na BBC ko makamancinsa, mai rubutu a ƙasa. Saurara sau ɗaya ba ka kallon rubutun, ka rubuta duk aikatau da ɗan rakiyan da ka kama, sannan ka maimaita kana dubawa. Minti biyu na labarai ya isa zama guda.

Kada ka ruɗe in ka ji wani abu daban a finafinan Amurka. Su suna cewa *write me* inda mutanen Ingila ke cewa *write to me*, suna cewa *protest the decision* inda na Ingila suka fi cewa *protest against*. Duka biyun Turanci ne. Makarantunmu dai na Ingila suka gada, don haka a jarrabawa da wasiƙar neman aiki shi ya fi aminci.

Mataki na tara: bi rubutunka aikatau bayan aikatau

Bayan ka gama rubutu, kada ka sake karanta shi don ma'ana, idonka zai tsallake ƙananan kalmomin. Ja layi ƙarƙashin kowane aikatau, ka yi masa tambaya uku: yana bukatar ɗan rakiya? Wanda na sa shi ne nasa? Abin da ya biyo baya ya ɗauki siffar da ta dace? Ga 'yar wasiƙa irin wadda ake kai wa ofis mu gwada:

*Sir, I am writing to apply the post of clerk. I request for an interview so that we can discuss about my experience. I apologise you for sending this letter late. I look forward to hear from you.*

Aikatau na farko mai matsala *apply* ne: gurbi ake nema, sai *apply for the post*. *Request* yana da *I* kafinsa, aikatau ne, a cire *for*. *Discuss* shi ne "tattauna a kan" ɗin nan, a cire *about*. *Apologise* ba ya hawa kan mutum kai tsaye, ko dai a ce *apologise to you for*, ko a cire *you* gaba ɗaya, wanda ya fi daɗin ji a wasiƙa. *For sending* ya yi daidai, a bar shi. Na ƙarshe, *to* ɗin da ke bayan *look forward* ɗan rakiya ne, sai *hearing*. *Hear from* kuwa shi ne daidai tunda amsa ake jira. Ga yadda za ta koma:

*Sir, I am writing to apply for the post of clerk. I request an interview so that we can discuss my experience. I apologise for sending this letter late. I look forward to hearing from you.*

Gyara biyar a jimla huɗu: an ƙara *for*, an cire kalma uku, an sa *-ing* a wuri guda. Waɗanda ka faɗi a kansu a naka rubutun, mayar da su littafin nan, kowanne a gidansa, ka yi masa sabuwar jimla da sunan garinku ko sana'arka a ciki.